Yadda Ake Sabunta Kujerun Tsohuwar Mota, Tun Daga Ƙarfe Har Riga

Duk wanda ya taɓa tada tsohuwar mota a garin nan na Maradi ya san yadda abin ke tafiya: inji tukuna, sai birki da ƙafafu, sai mai buga jiki da mai fenti. Kujeru kuwa ba a tuna su sai aljihu ya kusa bushewa. Haka na yi da Fijo 504 ta mahaifinmu, familiyal mai layi 3, wadda ta yi shekaru a ƙarƙashin bedi a gidanmu na unguwar Zariya har kaji suka mai da kujerar baya akurki. Da aka gama fenti na kwashi kujerun na kai wa wani mai ɗinki, na ce kafin Juma'a nake so. Bai saɓa ba. Ashe sabuwar leda kawai ya ja bisa ruɓaɓɓen soso da karyayyen sifirin, ko ƙurar bai kaɗe ba. Ba a rufa wata 2 ba kujerar direba ta lotsa ta gefen ƙofa, na koma tuƙi a karkace kamar mai ciwon haƙarƙari. Karo na biyu sai na nemi wani dattijo da ya tsufa a sana'ar, wanda nake ce wa Baba, na roƙe shi ya bar ni in zauna shagonsa in riƙa miƙa kaya. Abin da ke biye daga can na kwaso shi, sai ɗan abin da na ƙara gani ranar da muka buɗe kujerun Marsandin wani abokina.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne 504 ba iri ɗaya ba ce. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, daga baya masana'antar Fijo ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Waɗanda ke Maradi wasu ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa suka shigo, wasu ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wasu kuma Turawa ne suka keto Sahara da su ta Tamanraset da Arlit suka sayar. Saboda haka kujerunsu sun sha bamban: akwai mai yadi, akwai mai leda, akwai ta farko-farko wadda matashin kanta ke nutsewa cikin majingina. Haka abin yake ga yayarta 404 da ta fito a 1960. Ba inda za ka je a garin nan ka sayo zanen yankan rigar kujera da ya yi daidai da taka. Zanen yana jikin tsohuwar rigar nan da ta yage, wadda hannunka ke ƙaiƙayin jefarwa.

Ranar farko na ɗauki ta kujerar direba da yatsu biyu na nufi bola.

"Baba, wannan ai ta mutu."

"Ajiye ta, ɗana. Ita za ta gaya mana yadda aka haifi kujerar."

Abin da za ka tanada

Kile daga lamba 10 zuwa 17, turnabis mai baki da mai gicciye, fensa ta riƙo da fensa ta yanka, reza, babban almakashi mai kaifi, alli, biro, awon tela, kwali mai faɗi, burushin waya, fentin hana tsatsa, giris, algarara, gam irin na masu takalmi da ake shafa wa fuska biyu, da ƙananan zobban ƙarfe masu siffar C tare da fensarsu. Zobban nan su ne ke riƙe riga da ƙarfe. Idan ba ka same su a Babbar Kasuwa ba, ka ba mai zuwa Kano saƙo. Wasu na yanka waya guntu-guntu su murɗa da fensa, tana yi, amma bakinta na huda soso kuma tana cin yatsa.

Sai keken ɗinki, kuma nan ne hankalin mutane da yawa ba ya kaiwa. Keken telan riguna zai ɗinka falle 2 na leda da ƙyar, amma a kusurwa inda falle 4 ko 5 suka haɗu da soso sai ya tsallake zare ko ya karya allura. Ana buƙatar babban keke wanda ƙafarsa ke tafiya tare da abin da ake ɗinkawa, tana ja ta sama haƙora na ja ta ƙasa. In ba ka da shi, ka yi duk sauran aikin da kanka, ka kai ɗinkin kawai ga mai shi, ka tsaya a kansa.

Fitar da kujeru da tuɓe su

Kwana guda kafin ka fara, ka ɗiga wa kusoshin ƙasa gazuwal ko man sassauta tsatsa. Kujerar gaba galibi kusoshi 4 ke riƙe da dogon da take gudu a kai. Tura ta baya ka kwance na gaba, jawo ta gaba ka kwance na baya. In ƙusa ta ƙi, kada ka sa ƙarfi: ɗan juya ta gaba, ɗan juya ta baya, ƙara mai, je ka sha shayi ka dawo. Ƙusar da ta karye cikin daɓen mota aikin yini ce. Kusoshin kowace kujera ka zuba su a gwangwaninsu ka rubuta a jiki. Mazaunin baya yawanci ɗagawa ake yi ya fito, majinginarsa kuma maƙale take da ƙugiya ta sama da kusoshi ta ƙasa.

Kafin ka cusa hannu cikin kujerar da ta daɗe a ajiye, ka kife ta a tsakar gida ka bubbuga da sanda. A tamu gidan ɓera muka samu da ɓawon gyaɗa cike da kwano, da kunama guda. Ka ɗaure hanci da baki, don tsohon soso gari yake zama.

Yanzu ga ƙa'idar da Baba bai taɓa sassautawa ba: kujera ɗaya ake buɗewa, a bar ƴar'uwarta a ɗinke har a gama. Duk inda ka rikice sai ka leƙa waccan. Kuma ta fasinja ce ake ɗaukar zane daga jikinta, domin ta direba ta sha zama da shiga da fita har ta canja kama.

Ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe, musamman ƙasa. Raba mazauni da majingina, cire mariƙin kwantar da kujera da robobin gefe. Robobin nan sun bushe da rana, ka lallaɓa su, don samun wasu sai an sha yawo wurin masu kayan tsofaffin motoci. Sannan ka kife kujerar ka bi zobban ɗaya bayan ɗaya kana yankewa da fensa. Kada ka finciki riga. Idan ka zo tsakiya za ka ji ta riƙe daga ciki: a nan akwai siraran wayoyi da aka zura cikin wani aljihun yadi da ke ɗinke a bayan riga, aka ɗaure su da zobba a jikin sifirin ko cikin soso. Su ne ke ja wa kujera kwarin nan da ke raba tsakiya da kafaɗu. Zare su, goge tsatsarsu, ɗaura wa kowace takarda da sunan wurinta. Mai ɗinkina na farko ya zubar da na kujerar direba, abin da ya sa ta fito kumbure kamar buhun gero. Sai da muka lanƙwasa wasu daga waya mai kauri, muka naɗe bakinsu kamar ƙugiya don kada su huda leda.

Ƙarfe da sifirin

Idan ƙarfe ya fito tsirara, ka kankare shi da burushin waya ka duba shi a rana. Wuraren da ke tsagewa sanannu ne: inda majingina ta haɗu da mazauni, kusa da haƙoran kwantarwa, da inda dogo ke ɗaure. Ka kama saman majingina ka murɗa hagu da dama. In ta yi wasa ko ta yi ƙara, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Kai wa mai walda, amma sai ka tabbata ba ko ɗan guntun soso a jiki, don yana kamawa da wuta nan take kuma hayaƙinsa guba ne. Ka ajiye ƙarfen bisa daɓen da ba tudu ba kwari ka gani ko ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa. In ya murɗe, a miƙe shi tun yanzu. Bayan walda sai fentin hana tsatsa, a bar shi ya bushe sosai. Dogo kuma a wanke shi da gazuwal har tsohon giris da yashin shekaru su fita, a sa sabo kaɗan. Kaɗan na ce, domin a ƙasarmu giris mai yawa tarkon rairayi ne.

Abin da ke ɗauke da nauyin mutum ya danganta da mota. Wata sifirin ne mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, wata mai murɗi, wata igiyoyin roba ko raga. Wanda ya karye a sauya shi. Walda ba ta yi wa sifirin, zafi na kashe ƙarfinsa, ya sake karyewa dab da inda aka liƙa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi wata matacciyar kujera irin taka a wurin masu fasa motoci ka ciro nata. Ka ɗora sanda miƙaƙƙiya bisa jerin: wanda ya yi ƙasa da sauran ya gaji, ko bai karye ba.

A kan sifirin sai a shimfiɗa algarara ninki biyu, a ɗame, a kama ta da zobba. Aikinta ta hana ƙarfe cin soso. Wasu na sa buhun roba na shinkafa don araha. Yana ƙara in an zauna, kuma zafi na ruɓar da shi.

Soso

Marsandin abokina irin wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ce. Da muka buɗe, ba soso ne a kan sifirin ba, wata tabarma ce mai kauri ta zaren ɓawon kwakwa da aka haɗa da roba, wadda mutane ke ce wa gashin doki. In ka ga jan gari na zuba ƙarƙashin kujerar irin wannan mota, ita ce ke marmashewa. Samun sabuwarta a nan da wuya, sai a maye gurbinta da soso mai tauri a sassaƙa shi ya ɗauki siffarta.

Wajen sayen soso kada ka tsaya ga kauri, ka tambayi nauyi. Na mazauni ya kamata ya kai kilo 30 zuwa 40 a kowane dunƙule mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 zurfi. Lissafin ba wuya: falle mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, santimita 10 kauri, in lambarsa 35 ce, zai yi kilo 3 da rabi a sikeli. Ni sikelin wani mai hatsi na ara. Bayan awo ka durƙusa a kansa da gwiwa ɗaya ka tashi: nagari na dawowa nan da nan, na banza na barin rami. Ka guji soson katifar araha. Araha ba ta ado. Majingina kuwa tana son wanda ya fi laushi.

In tsohon soson kujerarka na asali ne kuma gefe ɗaya kawai ya ci, kada ka zubar da shi duka, don siffarsa ta masana'anta ba a samun ta da wuƙa. Yanke inda ya mutu a karkace, kamar yadda ake feren rake, yanko sabo ya ɗan fi ramin girma, shafa gam a fuska biyu, jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa ka danne. Idan ya kama sai ka sassaƙe da doguwar wuƙa ko bakin zarton ƙarfe, kana kwatantawa da ɗaya gefen. A ƙarshe ka lulluɓe duka da siririn soso na santimita 1 don ya ɓoye gaɓoɓin. Ka bar shi ya ɗara girman riga da kamar santimita 1 ta kowane gefe. Riga mai cika ita ke ɗamewa. Gam ɗin nan a fili ake shafa shi, nesa da murhun shayi da mai shan taba.

Ɗaukar zane

Nan ne aikin ya fi son natsuwa. Kafin ka farke ko zare ɗaya, juya rigar ka ja gajerun layuka da biro masu ƙetare kowane ɗinki, kusan kowane santimita 10, da kuma tsakiyar kowace kusurwa. Ba kowane falle harafi, ka sa kibiya mai nuna sama, ka ɗauki hoto. Alamomin nan su ne za su gaya maka daga baya wane wuri ne zai haɗu da wane. Sannan ka bi ɗinki da reza a hankali, zare kake yankewa ba leda ba.

Fallayen za su fito a ƙanƙame. Shimfiɗa su a rana na ɗan lokaci su yi laushi, ɗora katako da dutse su kwanta. In yadi ne, dutsen guga ya isa. Ɗora kowane bisa kwali ka zana. Layin da za ka bi shi ne na hujin allura, ba bakin ledar ba, don bakin ya sha yanka ba daidai ba tun asali. Bayan ka fitar da wannan layin sai ka ƙara santimita 1 a kewaye, na ɗinki, ka kwafe alamomin duka. Fallen da ya kamata hagunsa da damansa su zama ɗaya, ka ninka kwalin biyu ka daidaita. Na kafaɗa kuwa ka zana mai lafiyar, ka kife kwalin ya ba ka na ɗaya gefen. Ka rubuta a jiki wace fuska ce sama. Ni na yanka kafaɗar hagu sau 2 a rana ɗaya, Baba bai ce komai ba, sai ya miƙo min alli.

Yawan abin da za ka saya ma kwalayen ne za su faɗa maka. Ledar kujera galibi faɗinta santimita 140 ne ko kusa da haka. Ja layi 2 a daɓe masu wannan tazara, jera kwalayen duka a tsakaninsu kibiyoyi na kallon wuri ɗaya, auna tsawon, ƙara mita 1 don kuskure da igiyar gefe. Ka saya gaba ɗaya daga naɗi ɗaya, don in ka koma ciko launi na iya bambanta.

Leda, yadi ko fata

Tun da Maradi ce, sai an yi tambayar nan: me zai hana a sa fatar jar akuyarmu, wadda sunanta ya kai har Turai? Ni ma na so haka. Amma kyanta yana ga laushi da santsi, shi ya sa ake yin safar hannu da jaka da bangon littafi da ita. Siririya ce, kuma akuya ɗaya ba ta ba da fallen da zai rufe majingina, sai an yi ta haɗi. Jimar bagaruwa da rinin dukawa kuma ba don zufa da ranar cikin mota aka yi su ba. Farar riga za ta gaya maka. Fatar kujerar mota ta saniya ce, mai kauri sama da milimita 1, da aka yi wa jima da shafe na musamman. In kana son taɓin gida, sa jar akuya a aljihun bayan kujera ko rigar sandar giya.

Leda kuwa, wadda masu shago ke kira simili, iri biyu ce a kasuwa kuma a ido kamar ɗaya. Ta kujerun ɗaki siririya ce, rana na sa ta saɓule. Ta mota ta fi kauri, bayanta saƙa ce mai ɗan miƙewa. Karɓi ƙyalle ka ninka ka karce da farce, sannan ka ajiye shi bisa rufin kwano mako guda ka ga abin da zai zama. Ra'ayina: in ba kana son mai da motar yadda ta fito daga masana'anta sak ba, ka sa yadi mai ƙarfi a tsakiya, leda a kafaɗu da baya, kuma ka guji baƙi. Duk wanda ya zauna kan baƙar leda da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ba sai an yi masa bayani ba.

Leda ta fi miƙewa ta faɗin naɗi fiye da tsawonsa. Ja ka ji, ka sa kibiyoyin duka su bi hanya ɗaya, in ba haka ba kafaɗa ɗaya za ta ɗame ɗaya ta saki. A bayanta ake zane.

Ɗinki

Zaren auduga ba shi da wuri a nan. A nemi mai kauri na foliyesta, ya fi na nailan jure rana. Allura lamba 110 zuwa 140. Tazarar taku milimita 4 zuwa 5. In ya yi ƙanƙanta, hujin na jeruwa kusa da kusa leda ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Kuma ka tuna huji a leda ba ya rufewa, don haka ba a kafa mata fil sai a cikin santimitan nan na ɗinki. Gwada a kan ragowa tukuna, da kauri iri ɗaya da na aikin.

Da fallen tsakiya ake farawa, mai layukan nan masu kama da kunyoyin gona. Kada ka yanka shi daidai da kwali. Kowane layi da ka ɗinka ta cikin soso yana cinye faɗi, saboda haka ka yanko shi da rarar santimita 4 ko 5 kowane gefe. Haɗa hawa uku: leda a sama, soso na santimita 1 a tsakiya, siririn yadi a ƙasa don zare ya sami abin kamawa. Auna tazarar kunyoyin daga tsohuwar riga, ja layukan da alli. Fara da na tsakiya ka yi ta fita hagu da dama, kuma duk layukan daga sama zuwa ƙasa. In ka tafi ka dawo kamar mai huɗa, fallen zai murɗe. Sai an gama ne za ka ɗora kwali ka yanke shi daidai.

Igiyar gefe, wadda ke fito da kusurwar kujera, tsirin leda ne mai faɗin santimita 3 zuwa 4 da aka naɗe siririyar igiyar roba a ciki. Ɗinka ta a jikin falle ɗaya tukuna, sannan ka kifa na biyu fuska da fuska ka sake bi dab da igiyar. A lanƙwasa ka ɗan tsattsaga bakin da almakashi don ya juya, kada tsagar ta kai zare. Idonka na kan alamomi. In ka ga alama ta fara wuce ƴar'uwarta, tsaya, ja na ƙasa ko sassauta na sama kafin tazarar ta girma. Abin da Baba ke yi shi ne ya fara daga tsakiyar gaba ya gangara dama, ya dawo tsakiya ya gangara hagu.

Kada a manta aljihunan waya. Da yadi mai ƙarfi ake yin su, a ɗinka a daidai inda tsofaffin suke, haka ma na bakin riga na ƙasa inda zobba za su kama. Zobe a jikin leda tsura ba ya daɗewa.

Sanya riga

A nan muna da abin da Turawa ke sayen na'ura dominsa, wato rana. Shimfiɗa rigar minti 15 zuwa 20 ta yi laushi kamar tsumma. Da hunturu, a Disamba da Janairu, leda na ƙagewa da safe, ka bari sai hantsi ya dubi ludayi. Da bazara kuma ka kiyayi ja fiye da kima, don mai zafi tana biyo hannu, in ta huce ta koma ta ja ɗinki.

Juya rigar ciki waje, zura wayoyin a aljihunansu, ɗora tsakiyarta bisa tsakiyar soso. Alli a nan ma: layin tsakiya a soso, alama a riga. Wayoyin ciki ake fara ɗaurewa, zobe na farko a tsakiya, sannan a yi ta fita gefe. Idan sun kamu sai ka juyo kafaɗun bisa soso, hannu ɗaya na danne soso, ɗaya na jan riga. Majingina ita ce mai taurin kai, don kamar safa take shiga. Rufa wa soson siririyar ledar shago, rigar za ta sulale, daga baya ka yage ledar ka zaro ta. Cusa hannu ka kwantar da bakin ɗinkin ciki duka ya kalli gefe ɗaya, in ba haka ba igiyar gefe za ta fito tana tafiyar hawainiya.

Kife kujerar. Kama tsakiyar gaba, tsakiyar baya, tsakiyar hagu da dama, da ɗaurin wucin gadi, irin robar nan ta masu haɗa wayar lantarki. Juyo ta ka duba daga nesa. Kunyoyi sun miƙe? Igiya ta hau kan kusurwa? In eh, sai zobba, tazarar yatsu 3 ko 4, kusurwoyi a ƙarshe. Inda ya tattare kada ka yi ta ja: yawanci soso ne ya gaza a wurin, cusa ɗan ƙari ta ƙasa. Ƙananan yamutsa tururin buta ko yini guda a rana na kwantar da su, a bi da tafin hannu ana bugawa ana shafawa zuwa gefe.

Hujin mariƙi da na sandunan matashin kai su ne na ƙarshen ƙarshe. Lalubo ƙarfen da yatsa ta saman leda, yi ƴar tsaga mai gicciye wadda ba ta kai girmansa ba, tura ledar ta zauna a gindinsa. Wanda ya huda tun riga na kan tebur, garin neman gira zai rasa ido.

Kujerar baya ta fi sauƙi, faɗi kawai gare ta, sai dai tana son mutum biyu, kuma ka gwada mazauni da majingina tare don kunyoyinsu su haɗu layi ɗaya. A familiyal layi na uku ƙarami ne, ragowar leda kan ishe shi.

Kafin ka mai da kujeru, share daɓen motar ka duba tsatsa a inda kusoshi ke shiga, da inda bel ke ɗaure. Ɗaura kusoshin 4 da hannu tukuna, tura kujera gaba da baya ka ji ba ta cijewa, sannan ka ɗaure tamau. Bayan mako guda ka sake bin su da kile. Tamu na gwada ta a hanyar Madarunfa, da na dawo na tarar ƙusa ɗaya ta baya ta saki.

Kwalayen zanen na so in tafi da su gida, Baba ya ce in bar masa. Ya huda su ya zura igiya, ya sa ni na rubuta "504 familiyal" a na sama, ya rataye a ƙusa kusa da na wata 404 da suka yi baƙi don tsufa.